Rairayi da Firgi: Ƙasar da ke Ciyar da Kasuwar Litinin

Idan Allah ya kai ku Maiduguri, babban birnin Jihar Borno, da wuya ku baro garin ba a zaga da ku Kasuwar Litinin ba. Ita ce babbar kasuwar birnin. A da ranar Litinin take ci, kamar yadda babbar kasuwar Kukawa take yi tun kafin Shehu Bukar Garbai ya dawo da fadarsa Yerwa a shekarar 1907. Yanzu kullum tana ci, amma sunan ya zauna.

Baƙo yakan fara da masu turaren wuta da masu huluna, domin da su aka san Borno. Mu kuwa a wannan babi wurin 'yan hatsi za mu nufa. A can za ku ga gero da wake da gyaɗa da riɗi da shinkafa, ku kuma ga wata irin dawa da ake kira masakwa. Ku tambayi mai awo lokacin da sabon kowannensu yake shigowa. Zai gaya muku sabon gero da kaka yake zuwa, wajen Satumba da Oktoba. Sabuwar masakwa kuwa sai cikin sanyi, wajen Janairu da Fabrairu, bayan an yi wata uku ko huɗu ba a ga ɗigon ruwan sama ba. To, yaya aka yi dawa ta nuna a tsakiyar rani, ba ruwan sama, ba ban ruwa? Amsar tana cikin ƙasar da aka dasa ta. Saboda haka za mu duba ire-iren ƙasar noma ta Borno, da asalin kowace, da yadda manomi yake cin moriyarta.

Ƙwayoyin ƙasa

Ku ɗebi ƙasa a tafin hannu ku murza. Abin da kuke ji tsakanin yatsunku ƙwayoyi ne, kuma girmansu ba ɗaya ba ne. Mafi girma ita ce tsakuwa. Daga ita sai yashi, wanda ake kuma kira rairayi, ƙwayarsa ba ta wuce milimita 2. Sai turɓaya, mai laushi kamar garin tuwo. Mafi ƙanƙanta ita ce laka, wato yumɓu, wadda ƙwayarta ba ta kai kashi 2 cikin 1,000 na milimita ɗaya ba, har ido ba ya iya ganinta.

Girman ƙwaya shi ke nuna yadda ƙasa za ta yi da ruwa. Tsakanin ƙwayoyin yashi akwai manyan kafofi, don haka ruwa yakan shige da sauri, ya kuma zurare da sauri, kamar an zuba shi a rariya. Kafofin laka ƙanana ne ƙwarai. Ruwa yakan sha wuya kafin ya shiga, amma in ya shiga yakan daɗe bai fita ba. Wannan bambanci yana da muhimmanci a ko'ina, sai dai ya fi muhimmanci a Borno. Ruwan da Maiduguri take samu a shekara yakan kama wajen milimita 600, Legas kuwa tana samun fiye da ninki biyu na wannan. Bugu da ƙari, kusan duk ruwan Maiduguri tsakanin Yuni da Satumba yake sauka. Sauran watanni takwas, shuka ba ta da abin dogaro sai laimar da ƙasa ta ajiye mata.

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Ku sami kwalba mai haske, ku zuba ƙasa zuwa rabi, ku cika da ruwa, ku rufe, ku girgiza sosai, sa'an nan ku ajiye. Nan take tsakuwa da yashi za su kwanta a gindi. Bayan sa'a ɗaya ko biyu turɓaya za ta kwanta a kansu. Laka kuwa tana iya kwana biyu tana yawo, ruwan yana nan a gurɓace. Ku riƙe wannan ƙa'ida, domin a kanta sauran bayanin ya dogara: ruwa mai gudu ko mai igiya yakan ajiye manyan ƙwayoyi ya tafi da ƙanana, ruwan da ya tsaya cik shi ne mai ajiye laka.

Zamanin ƙanƙara

Kimanin shekaru 21,000 da suka wuce duniya ta fi yanzu sanyi ƙwarai. Ƙanƙara mai kaurin kilomita biyu zuwa uku ta lulluɓe Kanada da arewacin Amurka da arewacin Turai. Saboda yawan ruwan da ya daskare a kan tudu, teku ta ja baya, tsayinta ya ragu da wajen mita 120. Wannan lokaci shi masana suke kira zamanin ƙanƙara.

Irin wannan ƙanƙara ba wuri ɗaya take zaune ba. Tana gangarowa a hankali kamar kogi, tana niƙe duwatsun da ke ƙarƙashinta. Da duniya ta fara ɗumama sai bakinta ya soma narkewa, ruwa mai ƙarfi ya riƙa fitowa ɗauke da niƙaƙƙen dutse. Kamar yadda kuka gani a kwalba, ruwan ya zubar da tsakuwa da yashi a filayen da ke gaban ƙanƙarar, ya wuce da laka zuwa tafkuna da teku. Daga baya koguna suka ci ƙasa suka nutsa cikin wannan shimfiɗa, suka bar tsofaffin filayen a sama, hawa-hawa a gefen kwari kamar matakala. Kowane hawa shimfiɗaɗɗe ne kamar dandamali.

Ƙasar irin waɗannan dandamali tana da siffofi sanannu. A sama akwai turɓaya wadda sau da yawa kaurinta bai kai kamu ɗaya ba, kuma galibi iska ce ta kawo ta. Ƙarƙashinta tsakuwa ce da yashi har zuwa zurfi. Ruwa ba ya kwanciya a kanta, ba ta da wuyar huɗa, amma ba ta riƙe laima, taki ma yakan bi ruwa ya zurare. A gabashin Jihar Washinton ta Amurka manyan duwatsu suna tare hadarin da ya taso daga teku, har ruwan shekara a wasu wurare bai kai milimita 250 ba. An daɗe ba a yin komai a kan irin wannan ƙasa sai kiwo, da noman alkama a inda turɓaya ta yi kauri. Da aka fara janyo ruwan Kogin Kolambiya daga madatsar Grand Coulee a farkon shekarun 1950, sai filayen suka koma gonakin dankalin Turawa da masara da tuffa. Haka ma filayen Kantabari na ƙasar Niyu Zilan: a da makiyayar tumaki ce, yau da ban ruwa ake kiwon shanun madara.

Abin da ya faru a Borno

Ƙanƙara ba ta sauko Borno a wancan zamani ba. A Afirka ta tsaya ne a kan manyan duwatsu irin su Kilimanjaro da Dutsen Kenya da duwatsun Habasha. Duk da haka zamanin ya bar alamarsa a nan. Sanyin duniya ya rage tururin da ke tashi daga teku, damina ta yi rauni, hamadar Sahara ta gangaro kudu da ɗaruruwan kilomitoci, Tafkin Chadi ya ƙafe. Iskar arewa maso gabas ta tara yashi ya zama dogayen tuddai jere da juna. Tuddan suna nan har yau a Yobe da Jigawa da arewacin Borno, ciyawa da itatuwa sun ɗaure su. Hausawa suna kiran irin wannan tudu jigawa, jam'insa jigayi, kuma daga nan Jihar Jigawa ta samo sunanta.

Bayan ƙanƙara ta narke sai al'amari ya juya. Damina ta yi ƙarfi fiye da ta yau, Sahara ta yi kore, koguna suka kawo ruwa ta ko'ina. Kimanin shekaru 7,000 da suka wuce Tafkin Chadi ya cika ya batse, faɗinsa ya kai wajen murabba'in kilomita 350,000, wato fiye da kashi ɗaya cikin uku na faɗin Nijeriya duka. Masana suna kiransa Mega-Chadi, ma'ana ƙaton Tafkin Chadi. Gaɓarsa ta kudu maso yamma ta bi ne daidai inda Maiduguri take yanzu, alhali a yau sai mutum ya yi tafiyar fiye da kilomita 100 daga birnin kafin ya ga ruwan tafki.

Akwai shaidar wannan zamani na ruwa. A shekarar 1987 wani Bafulatani makiyayi yana haƙa rijiya a ƙauyen Dufuna da ke Jihar Yobe a yau, sai ya ci karo da itace a zurfin wajen mita 5. Masana daga Jami'ar Maiduguri da Jami'ar Frankfurt ta Jamus suka tono shi, ashe kwalekwale ne mai tsawon fiye da mita 8. Bincike ya nuna ya kai shekaru 8,000, kuma shi ne jirgin ruwa mafi tsufa da aka taɓa samu a Afirka.

Tudun Bama da ƙasar rairayi

Igiyar ruwan wancan tafki ta yi shekaru aru-aru tana dukan gaɓa, tana wanke laka, tana tara yashi da tsakuwa. Abin da ta tara shi ne dogon tudun da masana suke kira Tudun Bama. Ya taso daga arewa maso yamma, ya ratsa Maiduguri da Konduga da Bama, ya shiga Kamaru ta Limani ya nufi Yagwa. A wasu wurare ya ɗara filin da ke gefensa da wajen mita 12. Hanyar mota daga Maiduguri zuwa Bama jikinsa take bi, domin ko da damina ba ya caɓewa. A Konduga an tono ɓaraguzan tukwane da suka haura shekaru 6,000 a kan wannan tudu, alamar mutane sun zauna a bakin tafkin.

Idan kun lura, Tudun Bama ɗan'uwan dandamalin Amurka da Niyu Zilan ne. Dukansu ruwan da ya daɗe da tafiya ne ya tace su ya bar manyan ƙwayoyi. Shi ya sa halayensu suka zo kusa da juna.

Ƙasar tudun da ta jigayin da ke kewaye da shi rairayi ce, fara-fara ko ja-ja. Amfaninta na farko shi ne sauƙin aiki. Mutum ɗaya da sungumi yana iya saran gona babba a yini guda, iyalinsa suna biye suna zuba iri. Wasu ma sukan yi binne, wato su shuka tun ruwa bai sauka ba, iri ya zauna yana jira. Amfani na biyu shi ne rairayi ba ya rowar ruwa. Ko yayyafi aka yi yakan shige har ya kai ga saiwa, kuma shuka ba ta shan wuyar zuƙarsa. In sama ta bushe, busasshen yashin yakan zama kamar murfi ya tsare laimar da ke ƙasa. Saboda haka a shekarar da ruwa ya yi ƙaranci, gonar jigawa takan fi gonar laka yin kyau.

Rauninta kuma ba ɓoyayye ba ne. Ba ta da ƙarfi, wato abincin shuka kaɗan ne a cikinta. Ruwa mai yawa yakan wanke takin da aka zuba ya kai shi inda saiwa ba ta isa. Da bazara, kafin ciyawa ta fito, guguwa takan kwashe ƙasar sama, ta kuma binne ƙananan shuke-shuke. In gona ta gaji, sai ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta, ya addabi gero.

Manomi ya san duk wannan, don haka yakan zaɓi amfanin da ya dace. Gero ne sarkin jigawa. Yana jure zafi da ƙishi, kuma akwai irin da ke nuna cikin kwana 70 zuwa 90, daidai tsawon daminar Borno. Da shi ake fura da kunu da burabusko. Ana haɗa shi da wake a gona ɗaya, domin wake yana rufe ƙasa, saiwarsa kuma tana ƙara mata ƙarfi. Gyaɗa da gujiya suna son rairayi, saboda 'ya'yansu a cikin ƙasa suke, laka takan matse su ta kuma wahalar da mai cira. Riɗi da yakuwa da guna da kankana su ma nan ne wurinsu. Inda ƙasa ta yi rauni da yawa akan bar ta ga dabbobi, ko ga itacen dakwara mai ba da ƙaro, wanda Borno da Yobe suke sayarwa har ƙasashen waje.

Akwai dabarun raya ta. Manomi yakan kai takin gida, ko ya yi yarjejeniya da makiyayi, Bafulatani ko Bashuwa, dabbobi su kwana a gonarsa da rani su ci kara su bar masa taki. Yakan bar gawo a gona, domin gawo da damina yake zubar da ganye, ba ya tare wa shuka rana, ganyen kuma taki ne. Yakan bar wani karan a kwance don ya karya ƙarfin iska. Takin zamani kuwa kaɗan-kaɗan ake sa shi a gindin shuka, ba a watsa shi gaba ɗaya. Cibiyar Binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri tana aikin inganta irin gero, kuma irin nan mai suna Sosat da manoma suka sani ta hannunta ya bazu.

Ko ƙurar hunturu tana da nata taimakon. Yawancinta daga Kwarin Bodele na ƙasar Chadi take tasowa, wato wuri mafi zurfi na tsohon tafkin, wanda yanzu ya bushe ƙurmus. Hazon da ke sa ku tari a watan Janairu ƙasar gindin Mega-Chadi ce, kuma in ta sauka a gona takan ƙara mata ɗan abinci.

Firgi da masakwa

Ku koma ga kwalba. Can cikin tafki, nesa da igiya, inda ruwa yake kwance, laka ce ta kwanta. Da tafkin ya riƙa ja da baya sai ya bar faffaɗan fili na baƙar laka a kudu da tafkin yau, a ƙasashen Dikwa da Marte da Ngala da Kala-Balge. Kanuri, waɗanda Hausawa ke kira Barebari, suna kiran wannan fili firgi. Shimfiɗe yake kamar faifai, itatuwa jefi-jefi.

Halin firgi kishiyar halin rairayi ne. Da rani yakan bushe ya yi tauri kamar dutse, ya tsattsage, har mutum yana iya zura hannu a cikin tsaga, zurfinta kuma yana iya kai mita ɗaya. Ruwan farko ta waɗannan tsagogi yake shiga. Da laka ta sha sai ta kumbura, tsagogi su rufe, ruwan da ya biyo baya ya kwanta a sama. A tsakiyar damina filin yakan zama tabki, mota ta maƙale, mai tafiya a ƙasa ya bar takalminsa a cikin taɓo. Shi ya sa ƙauyukan firgi a kan 'yan tuddai suke. Wasu tuddan ma mutane ne suka tara su da zama bisa zama. Tudun Daima, wanda masanin tarihi Graham Connah ya tona a shekarun 1965 da 1966, ya haura mita 10, kuma duk kufai ne a kan kufai.

Gero ba ya rayuwa a nan, ruwa zai kashe shi. Fartanya ma ba ta cin ƙasar, in ta bushe ta yi tauri, in ta jiƙe ta yi danƙo. Amma firgi ya fi rairayi ƙarfi nesa, kuma rumbun ruwa ne. Kanuri da Larabawan Shuwa sun gano yadda za su buɗe wannan rumbu. Ga yadda suke yi.

Tun da rani sukan tayar da ƙananan kunyoyi su yanka gona gida-gida, don ruwan sama ya tsaya ya nutse a wurin maimakon ya malale. A watan Agusta sukan yafa irin masakwa a wani ɗan fili mai rairayi, inda ruwa ba ya kwanciya. Wajen ƙarshen Satumba zuwa Oktoba, in ruwan firgi ya tsotse, sai a sare ciyawa a ƙone. Sa'an nan a cire dashe mai kwana 30 zuwa 40, a rage masa ganye da saiwa. Mutum ɗaya yana gaba da ƙatuwar sanda mai tsini yana huda rami, na biye yana zuba ɗan ruwa, na uku yana sa dashe. Akan bar tazarar wajen mita ɗaya tsakanin rami da rami, domin kowane gindi ya sami rabonsa na laima.

Daga wannan ɗan ruwa na ranar dashe, masakwa ba ta ƙara samun ko ɗigo. Ƙasar sama tana bushewa, saiwa tana bin laima zuwa ƙasa. Sanyin hunturu yana rage ƙishin shuka, ciyawa kuma ba ta da ruwan da za ta tsira ta yi gasa da ita. Babban abokin gaba shi ne tsuntsun nan jan-baki, mai zuwa garke-garke in zangarniya ta fara ƙosawa. A Janairu ko Fabrairu sai girbi. Karan ma dukiya ne, domin yana zuwa a lokacin da abincin dabbobi ya fara wuya. Wannan noma ya tabbatar da karin maganar nan, ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. Ana yin irinsa a arewacin Kamaru, inda Fulani ke kiran dawar muskuwari, da kuma Chadi, inda ake ce mata berbere.

Iyalin da ke da gonar rairayi da gonar firgi yana girbi sau biyu a shekara, kuma aikin ɗaya ba ya cin karo sosai da na ɗaya. In gero ya ƙi, akwai sa rai ga masakwa.

Akwai ƙasa ta uku, wato fadama. Kogin Ngadda ya keta Tudun Bama a Maiduguri, ya malala cikin Kwarin Jere da ke arewa maso gabashin birnin, yana ajiye turɓaya da laka. A nan ake noman shinkafa, da rani kuma a yi lambun albasa da tumatir da latas.

Abin da ke barazana ga wannan noma

A shekarar 1963 faɗin Tafkin Chadi ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000. Ganin haka, Gwamnatin Tarayya ta kafa Hukumar Raya Yankin Tafkin Chadi a 1973, aka tsara babban aikin ban ruwa a ƙasar Marte, don noman alkama da shinkafa a firgi mai faɗin hekta 67,000. An haƙa doguwar hanyar ruwa daga tafki, an girka manyan injinan famfo, aka buɗe aikin a 1979. Amma farin shekarun 1970 da na 1980 ya sa tafkin ya koma ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na faɗinsa. Ruwa ya janye daga bakin hanyar, kuma ɗan kaɗan ne daga cikin filin aka taɓa shayarwa. Masakwa ita ma takan yi rauni a shekarar fari, sai dai ba ta jiran tafki ko inji ko man fetur, don haka aka ci gaba da dasa ta. Wasu manoman kuma suka bi tafkin, suka riƙa shuka masara da wake a kan laimar da ya bari.

Daga shekarar 2009 rikicin Boko Haram ya kori ɗimbin manoma daga Marte da Dikwa da Ngala da Bama, da yawansu suka tare a Maiduguri. Gonakin firgi suka yi shekaru ba a taɓa su ba, hatsi ya yi tsada a kasuwa. A kewayen birni kuma neman itacen girki ya cinye itatuwan da ke tsare rairayi daga iska. Akwai wata asarar da ba a gani da ido. Sanin ranar da firgi ya isa dashe ba a littafi yake ba, ɗa yana koyonsa ne a bayan mahaifinsa. Yaron da ya tashi a sansanin gudun hijira bai sami wannan makaranta ba.

Ruwa ma yakan tuna tsohuwar hanyarsa. A ranar 10 ga Satumba, 2024, madatsar Alau da ke kan Kogin Ngadda ta ɓalle, kamar yadda aka yi ambaliya a 1994. Ruwa ya bi kwari ya mamaye unguwanni masu yawa, ya shiga Kasuwar Litinin kanta, wadda ba ta daɗe da farfaɗowa daga gobarar Fabrairun 2023 ba. Sanin tudu da kwari bai tsaya ga manomi kaɗai ba, mai gina gida da mai tsara gari su ma suna bukatarsa.

Kammalawa

Kun ga ke nan kowane buhu a Kasuwar Litinin yana da ƙasar da ta haife shi. Gero da gyaɗa na rairayi ne, wanda iska da igiyar ruwa suka tara. Masakwa ta firgi ce, lakar da ta kwanta a gindin tafki. Shinkafa ta fadama ce. Manomin ƙasa mai ƙarancin ruwa, a Borno yake ko a Amurka, tambayar da yake fara yi ita ce: ruwa nawa wannan ƙasa za ta riƙe, kuma har zuwa yaushe? Ku ma in kun koma gida ku ɗebi ƙasar garinku ku gwada ta a kwalba, ku tambayi dattawa sunanta da abin da suke shukawa a cikinta.

Ma'anar wasu kalmomi

Laima: danshin da ke cikin ƙasa.
Kamu: awo daga gwiwar hannu zuwa ƙarshen yatsu.
Dandamali: wuri mai ɗan tudu wanda samansa yake a shimfiɗe.
Sungumi: doguwar hauya da ake saran shuka da ita a tsaye.
Kufai: wurin da mutane suka taɓa zama suka tashi.
Kunya: ƙasar da aka tayar a jere a gona, jam'inta kunyoyi.
Dashe: ƙaramar shuka da aka cire don a sake dasawa a wani wuri.
Zangarniya: kan dawa ko gero mai ɗauke da ƙwaya.

Tambayoyi

1. Kawo ire-iren ƙwayoyin ƙasa huɗu, daga mafi girma zuwa mafi ƙanƙanta.
2. Yaya Tudun Bama ya samu? Ta wace fuska ya yi kama da dandamalin da ruwan ƙanƙara ya bari?
3. Bayyana amfani biyu da rauni biyu na ƙasar rairayi.
4. Tsara matakan noman masakwa daga rani zuwa girbi.
5. Me ya hana aikin ban ruwa na Marte cim ma burinsa?
6. Bayyana ma'anar karin maganar nan, sa'an nan a sa ta cikin jimla: ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba.
7. Rubuta insha'i mai sakin layi uku a kan ƙasar noma ta garinku.